Yadda ake tantance hujjar zuwan mutanen farko nahiyar Amurka

Kusan duk shekara sai an ji labarin an tono wani wuri a Meziko ko Barazil ko Amurka, wanda aka ce ya nuna ɗan Adam ya isa nahiyar tun shekara 20,000 ko 30,000 da suka wuce, wani lokaci ma har 130,000. Kaɗan daga cikin wuraren nan ne ke jure bincike idan an ɗauki shekara goma ana tankaɗe su. Sau da yawa masu tonon ba su yi ƙarya ba, na'urar awo ma ba ta lalace ba. Ɓarakar tana fitowa ne tsakanin abin da aka auna shekarunsa da abin da ake cewa hannun mutum ya yi.

Tun 1969 masanin ƙasa C. Vance Haynes ya gindaya sharuɗɗa uku da masu binciken kufai ke bi har yau: a samu ƙashin mutum ko kayan da babu shakka mutum ne ya sarrafa su, a same su cikin ƙasar da ba ta hautsine ba, sannan a auna shekarunsu ta hanyar da za a iya dogara da ita. Idan ɗaya ya faɗi, sauran biyun ba za su riƙe da'awar ba.

Fara da sanin ma'aunin da ake gwada kowa da shi

A shekarun 1930 aka tono Blackwater Draw, kusa da garin Clovis a jihar New Mexico, aka sami kawunan māsu na dutse masu tsagi a gindi tare da ƙasusuwan mamos, wata dabba dangin giwa da ta ƙare. Awon baya-bayan nan ya sa al'adar Clovis tsakanin shekara 13,050 da 12,750 da suka wuce. An daɗe ana ɗaukar mutanen Clovis a matsayin na farko, shi ya sa duk wurin da aka ce ya girme su ake tsananta masa bincike. Wuraren da akasarin masana suka karɓa sun taru ne tsakanin shekara 14,000 da 16,000: Monte Verde a kudancin Chile, kogunan duwatsun Paisley a Oregon, Page-Ladson a Florida, Cooper's Ferry a Idaho. Duk wanda ya zo da adadin da ya zarce wannan da nisa, nauyin hujja yana wuyansa.

Mataki na farko: shin mutum ne ya yi?

Dutse yakan fashe da kansa. Ambaliya na gwara duwatsu, sanyi na tsaga su, rufin kogo na ruftowa, dabba na takawa. Saboda haka a ɗauki kowane ɓantaren dutse a nemi alamu huɗu: wurin da aka buga shi, wanda yake zama ɗan fili a sama; ƙullutun da ke tasowa a cikinsa daf da wurin bugun; tabon ɓantarar da aka yi a bayansa kafin a cire shi; da gyaran baki, wato ƙananan sassaƙa a jere a gefe guda. Alama ɗaya ba ta isa ba, domin faɗowar dutse daga sama ma tana iya fitar da ƙullutu. Abin da tsautsayi ba ya iya yi shi ne maimaita tsari ɗaya sau ɗari, ko sassaƙa dutse fuska biyu har ya yi tsini daidai wa daida.

Daga nan a tambayi asalin dutsen. Idan kayan na dutsen ƙyastu ne alhali irinsa mafi kusa yana nisan kilomita hamsin, to wani ne ya ɗauko shi. Idan kuwa da dutsen bangon kogon aka yi su, shakka ta shigo. Wannan ita ce matsalar kogon Chiquihuite a jihar Zacatecas ta Meziko, inda a 2020 aka ba da rahoton duwatsu kusan 1,900 da aka ce wasu sun kai shekara 30,000. Duk na dutsen farar ƙasa ne, kogon shi ma na farar ƙasa, kuma ba a sami murhu ko ƙashin mutum ko DNA ɗinsa ba.

A tambayi kuma yadda aka zaɓo su. A Calico ta California, a shekarun 1960, an tono tarin tsakuwar da ruwa ya jibge, har da sa hannun Louis Leakey, shahararren mai binciken mutanen dā a Afirka, aka ware waɗanda suka yi kama da kayan aiki. Duk wanda ya zauna gaban duwatsu dubu ɗari da ambaliya ta farfasa zai tsinci ɗari masu kama da wuƙa. Rahoto mai kyau yana faɗin adadin duwatsun da aka zubar da siffarsu.

Akwai kuma birai. A Serra da Capivara, jihar Piauí ta Barazil, inda Niède Guidon ta tono Pedra Furada ta ba da shekara 32,000 a 1986, an nuna a 2016 cewa biran kafucin na wurin suna gwara tsakuwa har su fitar da ɓantare masu kaifi irin na mutanen dā. Wannan bai rushe Pedra Furada kai tsaye ba, amma ya ƙara wa masu kare ta aiki.

Ƙashin dabba shi ma da ƙa'idarsa. Yankan wuƙar dutse kunkuntar kwari ne mai tsini a ƙasa, da ƙananan zane a cikinsa, kuma yakan faɗo wajen gaɓa ko inda jijiya ke manne. Haƙorin mai cin nama yana barin kwari mai faɗin ƙasa. Takawar dabbobi a kan yashi tana barin ƙarce marar zurfi ta ko'ina ba tsari. Sai da madubin ƙara girma ake rarrabe su. Ɗanyen ƙashi yana karyewa a murɗe, busasshe yana karyewa a miƙe, amma murɗaɗɗiyar karaya ba ta faɗin wanda ya karya. A wurin Cerutti da ke San Diego, ƙasusuwan mastodon ne, wata dabba mai kama da giwa da ita ma ta ƙare, aka ce mutane sun fasa shekara 130,000 da suka wuce. An gano wurin a 1992 lokacin aikin babbar hanya, masu suka kuma suka ce nauyin motocin aikin ya isa ya karya su. Babu ɓantaren dutse ko ɗaya da aka sassaƙa a wurin.

Mataki na biyu: shin abin yana inda aka bar shi?

Duk mai haƙar rijiya ya san ƙasa hawa-hawa take, ta sama daban, marmara daban, yashin ruwa daban, kuma ta ƙasa ta riga ta sama kwanciya. A kan wannan tono ya dogara. Ana yanka fili murabba'i-murabba'i na mita ɗaya, a bi kowace shimfiɗar ƙasa yadda ta kwanta, idan ta yi kauri a raba ta santimita biyar ko goma. Kowane abu da ya fito sai an rubuta matsayinsa ta fuska uku, gabas da arewa da zurfi, tare da inda ya fuskanta da yadda ya karkata, kafin a ɗaga shi. Ƙasar da aka kwashe a tankaɗe ta da rariya mai ido milimita uku, da ruwa idan laka ce. Rariya mai faɗin ido tana zubar da ƙananan sassaƙe, su kuwa su ne shaidar cewa a nan aka zauna aka yi aikin.

Abubuwan da ke hautsina ƙasa sanannu ne. Ɓeraye da gafiya suna haƙa rami, ramin ya cike da ƙasar sama, ya bar tabo mai launi daban a bangon tono. Duk abin da aka samu cikin irin wannan tabo a ware shi. Saiwar itace tana tura dutse ƙasa. Laka mai tsagewa da rani tana haɗiye ƙananan abubuwa ta rufe da damina, kuma da wannan aka soki wurin Debra L. Friedkin a Texas, inda aka sami kaya fiye da 15,000 a ƙarƙashin shimfiɗar Clovis. A arewa mai sanyi, daskarewa da narkewa suna miƙar da duwatsu tsaye.

Hanya uku ake bi a gane ko ƙasa ta motsa. Ta farko ita ce mayar da ɓantare jikin uwarsa: idan guda biyu da suka fito daga dutse ɗaya sun haɗu, amma tsakaninsu akwai zurfin santimita arba'in, kaya sun yi tafiya. Ta biyu, a duba ko ƙananan kaya sun taru a ƙasa manya a sama, alamar zurarewa ke nan. Ta uku, a yanko dunƙulen ƙasa yadda yake, a ɗura masa danƙo ya sandare, a fere shi har kaurinsa ya koma kashi talatin cikin dubu na milimita, a duba da madubi. A nan ake ganin ko toka ta murhu ce ko ta gobarar daji.

Wuri mafi daraja shi ne wanda wani abu ya rufe shi ruf. A Monte Verde, wanda Tom Dillehay ya fara tonowa a 1977 a bakin rafin Chinchihuapi, fadama ce ta malale sansanin, taɓon ruɓaɓɓiyar ciyawa ya hana iska shiga. Shi ya sa aka sami turakun itace, igiya da ƙullinta, tsokar nama, da ciyawar teku iri tara. Igiya mai ƙulli ba ta buƙatar dogon musu.

Mataki na uku: me aka auna?

Nan ne aka fi faɗuwa. Awon kabon-14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, yana faɗin lokacin da abu mai rai ya mutu ne kawai. Rabin kabon-14 yana ƙarewa duk shekara 5,730, kuma bayan shekara 50,000 abin da ya rage bai isa awo ba. Awon bai san komai game da mutum ba. Mai tono ne ke ƙulla alaƙa tsakanin mataccen abin da aikin mutum, saboda haka a jera samfura bisa ƙarfin wannan alaƙa. A sahun gaba akwai ƙashin mutum, bayan gidansa, igiya ko kayan itace da ya sassaƙa. Na biye, ƙashin dabba mai yankan wuƙa, da ƙonannen iri daga tsakiyar murhu. Na ƙarshe, gawayin da aka tsinta warwatse a ƙasa, wanda wataƙila gobarar daji ce ta bar shi.

Ko gawayin murhu ma sai an san icen. Tsakiyar tsohuwar bishiya ta girmi ɓawonta da ɗaruruwan shekaru, kuma mutanen bakin teku suna ƙona itacen da ruwa ya kawo. A zaɓi ƙaramin reshe ko iri, abin da shekara ɗaya ko biyu ya rayu. Na'urorin yanzu suna iya aiki da miligiram ɗaya na kabon, don haka babu dalilin haɗa ɓurɓushin gawayi daga wurare daban-daban a auna tare.

A ɗauki samfuri da ƙarfe mai tsabta, a naɗe shi a takardar alminiyam, a sa a leda. Kada a sa shi a auduga ko takarda, kada a shafa masa gam ko maganin adanawa. A ɗakin gwaji ana wanke gawayi da asid, sannan sinadarin alkali mai kashe asid, sannan asid kuma. Ƙashi kuwa kolajin ɗinsa, wato furotin da ke cikinsa, ake cirowa, kuma rabon kabon da naitirojin a cikinsa ya kamata ya faɗa tsakanin 2.9 da 3.6, idan ya fita daga nan a yi watsi da sakamakon. Wani makankarin fata na ƙashin barewar arewa da aka tsinta a Old Crow ta Kanada an ba shi shekara 27,000 a 1973, saboda ɓangaren ma'adinin ƙashin aka auna, shi kuwa yana musayar kabon da ruwan ƙasa. Da aka sake awo da kolajin a 1986, sai ya dawo shekara 1,350.

Gurɓata ba ta aiki iri ɗaya ta fuska biyu, kuma sanin lissafinta yana rage gardama. Kashi ɗaya cikin ɗari na sabon kabon ya isa ya sa abin da ya shekara miliyan ya nuna kimanin 37,000. Saboda haka duk sakamakon da ya kewaye 35,000 zuwa 45,000 a karɓe shi da taka-tsantsan. Tsohon kabon kuwa, irin na kwal ko farar ƙasa, kashi ɗaya cikin ɗari shekara 80 kacal yake ƙarawa, kashi goma kuma kimanin 850. Kafin samfurin shekara 13,000 ya nuna 20,000, sai fiye da rabin kabon ɗinsa ya zama matacce. Wannan yana faruwa, amma sai da dalili bayyananne. A Lewisville ta Texas an sami shekara fiye da 37,000 a murhu a shekarun 1950, daga baya aka gane ɗanyen kwal ne aka ƙona. A Meadowcroft ta Pennsylvania, wadda James Adovasio ya tono daga 1973, shekara da shekaru ana jayayya kan ko kwal ɗin yankin ya shiga samfura ta ruwan ƙasa.

Sai gyaran lissafi. Yawan kabon-14 a iska ya yi ta hawa da sauka, don haka shekarar kabon ba daidai take da ta kalanda ba. Shekara 11,000 ta kabon tana daidai da kimanin 12,900 ta kalanda, 12,500 kuma kimanin 14,500. Ana gyarawa da jadawalin IntCal20 a arewacin duniya, SHCal20 a kudanci, Marine20 ga abin teku, ta manhaja irin OxCal. Ana ƙirga duk shekarun ne daga 1950 zuwa baya. Labarai da dama da ke cewa wani wuri ya girmi Clovis da shekara dubu biyu sun gwada gyararren adadi ne da wanda ba a gyara ba. A kuma nemi iyakoki biyu da ake da tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa ainihin shekarun suna tsakaninsu, kada a tsaya kan adadi guda.

Awo ɗaya ba hujja ba ne. Ana son jeri daga sama zuwa ƙasa, kowane na ƙasa ya girmi na samansa, a raba wasu samfura tsakanin ɗakunan gwaji biyu. A Page-Ladson, ƙarƙashin ruwan kogin Aucilla mai zurfin kusan mita tara, awo 71 aka yi kafin a tsayar da shekara 14,550 ga shimfiɗar da ke ɗauke da wuƙar dutse.

Inda babu abin da ya taɓa rai, ana komawa ga OSL, wanda ke auna lokacin da ƙwayar yashi ta yi ganin ƙarshe da hasken rana. Ana buga bututu marar shigar haske cikin bangon tono, a toshe bakinsa biyu, a buɗe a ɗaki mai jan haske a zubar da yashin ƙarshen biyu. Dole a auna tururin da ƙasar kewaye ke fitarwa har nisan santimita talatin. Kuskurensa yakan kai kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, wato shekara dubu ko fiye a yashin da ya shekara 20,000, kuma yashin da bai sha rana sosai ba kafin ya binne yana nuna tsufan da ba shi da shi.

White Sands: yadda ake amsa suka

Sawayen ƙafa da ke bakin tsohon tafkin Otero a New Mexico sun wuce mataki na farko ba wahala, domin sawun mutum mai yatsu biyar a jere cikin tafiya ba ya rikicewa da na wata dabba. Sun wuce na biyu ma, tunda sawu ba ya zurarewa daga wata shimfiɗa zuwa wata. Saura shekaru. A 2021 an auna irin wata ciyawar ruwa mai suna Ruppia daga sama da ƙasan sawayen, aka sami shekara 23,000 zuwa 21,000.

Sukar da ta biyo baya mai ƙarfi ce. Ciyawar ruwa tana shan kabon da ya narke daga tsofaffin duwatsu. Masu suka suka auna Ruppia da aka tsinko da ranta a 1947 daga wata maɓuɓɓuga a yankin, ta nuna kimanin shekara 7,400. Idan aka cire wannan daga 21,000, an dawo kusa da Clovis.

Masu binciken ba su sake auna irin ba, sai suka canza abin awo. A 2023 suka tace bununi, wato ƙurar furen itatuwan fayin masu shaƙar kabon daga iska, kimanin ƙwaya 75,000 a kowane samfuri, suka kuma yi OSL a kan yashi. Duka biyun suka dace da na farko. A 2025 wani awo na lakar tafkin ya ba da 20,700 zuwa 22,400. Kowace hanya da rauninta, bununi yana iya zama tsoho da iska ta sake kwasowa, amma raunin nasu ba ɗaya ba ne, kuma da wuya kurakurai daban-daban su haɗu a adadi guda. Har yanzu akwai masu tambayar ina kayan aikin mutanen, tambaya ce mai kyau. A gwada wannan da Valsequillo ta Meziko, inda a 2005 aka ce an ga sawaye na shekara 40,000 a kan tokar dutse mai aman wuta. Da aka auna tokar sai ta nuna shekara miliyan 1.3, alamun kuma suka zama tabon kayan masu fasa dutse.

Kira masu shakka tun abin yana ƙasa

A Folsom ta New Mexico, inda wani makiyayi, George McJunkin, ya ga ƙasusuwan wata tsohuwar ɓauna bayan ambaliyar 1908, an ciro kan māshi a 1926 aka kai wa masana, suka ƙi yarda domin ba su ga inda ya kwanta ba. A 1927 da wani ya bayyana tsakanin haƙarƙarin ɓaunar, sai aka dakatar da aiki, aka buga waya, masana suka zo suka gani da idonsu. Monte Verde ma sai da ayarin masana ya je a 1997 kafin akasari su sallama. Don haka a bar wani ɓangare na wurin ba a tona ba, a ajiye rabin kowane samfuri, a buga cikakken rahoto da taswirar kowane dutse.

Gwada da ƙanƙara da DNA

Tsakanin shekara 26,000 da 19,000 da suka wuce teku ya ja baya da kimanin mita 120, Saberiya ta haɗe da Alaska, amma ƙanƙara ta rufe kusan dukan Kanada. Hanyar cikin ƙasa tsakanin manyan malalen ƙanƙara biyu ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai wajen shekara 13,800, ta makara ga mutanen Monte Verde da Cooper's Ferry. Shi ya sa aka karkata ga bakin tekun Fasifik, wanda sansanoninsa yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Binciken DNA kuma yana nuna rassa biyu na asalin 'yan nahiyar sun rabu tsakanin shekara 17,500 da 14,600. Wurin da ya girmi wannan, kamar White Sands, yana nufin ko dai mutane sun shiga kafin ƙanƙara ta rufe hanya kuma zuriyarsu ba ta bar alama sosai ba, ko lissafin DNA yana buƙatar gyara. Rashin dacewa da taswirar ƙanƙara ba ya soke hujjar da ta cika sharuɗɗa uku.

Samfurin DNA yana son safar hannu, takunkumi da kayan rufe jiki tun daga ramin tono, a kuma ɗauki DNA na duk wanda ya taɓa shi domin kwatance. A Paisley, inda busasshen bayan gida na shekara 14,300 ya nuna DNA irin na asalin 'yan nahiyar, an ce wataƙila ruwa ne ya zuraro da shi daga shimfiɗun sama. Sai a 2020 aka bi ta sinadaran kitsen hanji, waɗanda ba sa tafiya da ruwa cikin sauƙi, suka tabbatar wasu na mutum ne.

Idan ƙashin mutum ya fito a filin gwamnatin tarayya ko na ƙabilar 'yan asalin ƙasar a Amurka, dokar NAGPRA ta 1990 ta wajabta a tsayar da aiki a sanar da ƙabilun da abin ya shafa. Awon kabon da na DNA duka suna cinye wani yanki na ƙashin, saboda haka shawara da su tana zuwa kafin a yanka. Yaron Anzick na Montana, wanda aka samu ƙasusuwansa a 1968 tare da kayan Clovis, an karanta DNA ɗinsa a 2014, aka sake binne shi a shekarar tare da wakilan ƙabilun yankin.